Madarar Jummai

Sun rushe gidan. Ban sani ba sai ranar da za mu dubiya ni da jikata, keken da muka hau ya bi da mu ta unguwar Majidaɗi a nan Jalingo, na ce wa mai keken ya rage gudu in ga ƙofar da na shiga amarya karo na biyu. Babu ƙofa, babu katangar ƙasa, babu mangwaron da ke leƙowa titi. Shaguna ne a jere an shafe su da farin fenti, wani na sayar da wayoyi, wani kayan jarirai, an jibge ledojin famfas har rufi. Janareta na ta ƙara a bakin kwata. Jikata ta tambaye ni abin da nake nema, na ce mata babu, mu tafi.

Da can tun kafin rana ta fito unguwar nan take fara magana. Kiran sallah, sai guga na bugun bangon rijiya, sai taɓarya ta ɗauka daga gida zuwa gida. Kowace mace da irin bugunta, kana kwance za ka iya cewa wance ta tashi, wance kuma yau ba ta da abin dakawa. Can matan Mumuye su sauko daga wajen duwatsu da itace da doya suna talla da irin tasu Hausar. Injin niƙa na bakin hanya ya tashi idan an samu mai, idan ba a samu ba ya kwana shiru, mu koma kan dutsen niƙa. Jikokina yanzu ko riƙon taɓarya ba su iya ba, gari a leda suke saye, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya tsaya mini a rai a cikin keken shi ne, a daidai inda ake sayar da famfas ɗin nan na yi shekarar da ta fi kowace tsawo a rayuwata, ga shi yau babu ko tubali ɗaya da zai shaide ni.

Ni 'yar Lau ce, wani gari a bakin kogi. A can aka yi mini auren fari, a can mijina ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar ni da yara biyu ina da sauran ƙuruciya. Babban namiji ne, ɗan fari, wanda har gobe bakina ba ya kiran sunansa, amma tunda rubutu ne zan ce Iro kamar yadda kowa ke cewa. Sai ƙanwarsa Ummi, wadda lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. Malam kuma, wanda ya zama mijina na biyu, akawu ne a wata ma'aikata, yana cikin waɗanda aka kwaso daga Yola da aka ba mu sabuwar jiha. Matarsa ta rasu ta bar masa Adda, yarinya mai shiru-shiru da ta fara tasawa, da Hamma, sa'an Iro. Ƙanwar mahaifinsa, Goggo, ita ta riƙe masa su. Wata 'yar'uwata ce ta haɗa mu. Ranar da ya zo Lau ban tambaye shi nawa yake ɗauka a wata ba, abu ɗaya na tambaya.

Na ce, "Yarana fa?"

Ya ce, "Idan za ki zo, da su za ki zo. Ni ma ba zan zubar da nawa ba."

A kan wannan maganar na amince.

Jalingo a lokacin ta cika ta batse. Kullum motoci na sauke ma'aikata da katifu da tukwane, ɗakin da a da akuya ke kwana a ciki sai ka ji an sa masa kuɗin haya. Ɗaki biyu da zaure muka samu. Ni da Malam ɗaya, Goggo da 'yan mata ɗaya, samarin biyu a zaure kan tabarma guda. Na zo da rabin buhun shinkafar Lau da kwandon kifi banda, da kwallayena na auren fari. Na tuna yadda yaran suka tsaya a tsakar gida ranar, nawa a bayana sun riƙe zanena, na Malam a jikin Goggo, ana kallon kallo. 'Yan Yola sun saba da shayi da burodi da safe, nawa sun saba da ɗumame da kan kifi. Hamma ya ce Iro warin kogi yake, Iro ya ce Hamma ba ya iya loma sai ya ɓata tuwo. Kwano ɗaya ake zuba musu, kuma da wuya a gama cin abinci ba a raba su ba. Goggo kan ce da nawa "'yan Lau", ba da mugunta ba, haka dai bakinta ya kama.

Goggo ce ke riƙe da mudu, ban kuma yi mata gardama ba, don ta fi ni sanin nauyin aljihun Malam. Idan wata ya ƙare aka yi albashi, Malam ya biya haya, ya sayo buhun masara, da galan na manja, da gishiri da sabulu, abin da ya saura ya miƙa mata na cefane. Ita kuma ta zauna a kan tabarma ta raba masarar gida huɗu a tukwanen ƙasa, kowace tukunya ta mako guda, ta rufe da faifai. Ba a taɓa tukunyar gaba sai ta baya ta ƙare, ko da baƙo ne ya sauka. Miya kuwa kuka ce da daddawa, ran da aka ji daɗi a jefa ɗan kifi, a tsame shi a ajiye don miyar gobe. Idan yaro ya miƙo kwano yana neman ƙari, Goggo ba ta ko ɗaga kai take cewa, "A gidan nan ba a ƙari. Wanda bai ƙoshi ba, ga randa can." Idan ni ce na yi tagumi, sai ta ce da ni cikin Fulatanci, "Munyal", wato haƙuri, ta ci gaba da tsince-tsincenta. Yanzu na ga 'ya'yan zamani suna zubar da shinkafar jiya wai ta kwana. Mu ƙanzo ma jiƙa shi muke yi, a kwaɗa da ƙuli, ya zama abincin rana.

Da haka muka lallaɓa shekarar farko, har ciki ya bayyana. Ban sayi komai sabo ba. Tsofaffin zannuwana na yayyanka na ɗinke bakinsu suka zama nafkin, Adda ta taya ni, a nan ne ma muka fara hira ni da ita. Sai abubuwa suka fara lalacewa a gari. Mai ya ɓace, motoci suka yi layi suna kwana a gidajen mai, kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi. Mudun da ka taya da safe, idan ka koma da yamma an ƙara masa. Albashi ya fara makara, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, daga baya aka shiga yajin aiki ya tsaya gaba ɗaya. Tukwanen Goggo huɗu suka koma uku, ukun ma ba a cika su.

A cikin wannan hali na haihu, ranar Juma'a, mace. Aka sa mata sunan mahaifiyar Malam, muna kiranta Jummai. Rediyonsa ya sayar ya sayi ɗan akuya aka yanka, don rago ya fi ƙarfinmu. Wankan jego itace yake ci, kuma itacen da za a tafasa ruwan wanka safe da yamma shi ne na tuwon yara. Goggo ta yi iya ƙoƙarinta, har karan gonar mutane ta roro, amma ba mu yi rabin arba'in ba aka daina. Kunun kanwa sau nawa na sha, zan iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya. Ga wankin nafkin kullum, sabulu na narkewa kamar ana lasarsa, har muka koma ruwan toka. Duk wannan da sauƙi, tunda nono na zuwa kuma yarinya na ƙiba.

Tana wata na biyu zazzaɓi ya kayar da ni. Nono ɗaya ya kumbura ya yi ruwa, sai da aka kai ni asibiti aka tsaga. Kafin in farfaɗo ɗayan ma ya ƙafe. Na sha duk abin da aka ce in sha, jiƙo da kunun gyaɗa da saiwoyin da Goggo ta samo wajen 'yan'uwanta, babu abin da ya zo sai ɗigo. Jummai ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta tsala kuka. Goggo ta ce a ba ta madarar shanu, haka aka raini mutane da yawa a ruga. Muka ba ta, cikinta ya ɓare da gudawa, ta kusa tafiya. Dole aka koma madarar gwangwani.

Ranar da Malam ya shigo da gwangwanin farko ya ajiye a gabana, Goggo ta tambaye shi kuɗinsa. Da ya faɗa, ta riƙa motsa baki, na san masara take aunawa a zuci. Can ta ce, "Tuwon gidan nan ne na mako guda." Gwangwanin kuma ba ya kai mako. Na fara fitar da kwallayena ɗaya bayan ɗaya ina ba dillaliya, sai 'yan kunne, sai atamfar da aka yi mini lefe da ita. Malam ya sayar da kekensa da babbar rigarsa ta Sallah, ya ari wata 'yar gona a bayan gari yana tafiya a ƙasa, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya dawo tafin hannunsa duk bororo. Abincin rana ya fita daga gidan. Da safe koko tsararo, da dare tuwo, tsakaninsu rama ko zogale idan Adda ta samo. Ummi ta daina wasa, sai ta zauna a jikin bango tana tsotsar yatsa.

Don gwangwani ya daɗe, na riƙa rage cokali ina ƙara ruwa. Ban san illa nake yi ba, gani nake ciki dai ya cika. Kukan Jummai ya canza. Da idan ta buɗe baki har maƙwabta sai sun ji, yanzu wani siririn sauti take yi kamar 'yar mage, fatar cinyarta ta yi laushi tana naɗewa, maɗigarta ta faɗa. Goggo ta fara zancen mayu da baki. Akwai maƙwabciyarmu, Maman Rifkatu, Bajukuna ce mai aiki a asibitin mata da yara, katanga ce kawai tsakaninmu. Ita ta leƙo wata rana ta karɓi yarinyar, ta juya ta, ta ɗaga bulumbotin madarar ta duba a hasken rana.

Ta ce, "Maman Iro, yarinyan nan ba mayu ya kama shi ba. Yunwa ne. Wannan ruwa kina ba shi, ba madara ba."

Na ce mata idan na dama yadda aka ce, kwana uku gwangwani zai yi.

Ta ce, "Na sani. Amma in ba ki yi haka ba, ba zai kai lokacin kunu ba. Ki riƙe shi da madara mai kauri har ya fara zama, daga nan ni zan koya miki kunun waken suya. Wannan watanni ne kawai, ki nemi yadda za ki yi."

Ta raka ni awo washegari. Da aka ɗora Jummai a sikeli, nas ɗin ta dube ni, ta dubi yarinyar, ba ta yi mini faɗa ba. Na gwammace da ta yi.

Na koma dama madara da kauri, kuma tuwon dare ya ƙara ƙanƙancewa. A saman kabad nake ajiye gwangwanin, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wata rana bayan la'asar na sauko da shi zan dama, na ji ya yi sauƙi a hannuna. Na buɗe, madarar da nake sa ran za ta kai mu jibi saura ɗan abin da ya manne a gindi, ga kuma sawun yatsu a ciki. Babu abin da ya rage a ɗakin da za a sayar.

Goggo ta shigo ta gani, ta fita tsakar gida ta kira yaran. Ta dubi Iro ta ce, "Kafin 'yan Lau su zo, ko allura ba ta taɓa ɓata a ɗakin Malam ba." Iro ya sunkuyar da kai. Ni kuma ban kare shi ba, don uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, amma maganar ta shige ni har ƙashi. Adda ce, wadda ba ta cika magana ba, ta ce daga bakin murhu, "Goggo, su biyu ne, shi da Hamma. Ɗaya ke duƙawa, ɗaya ya hau bayansa. Na gan su jiya."

Ana cikin haka Malam ya shigo daga gona. Da ya ji, ya karyo tsumagiya a jikin mangwaro, ya ce su tuɓe riguna. Suka tuɓe suka tsaya a gabansa kafaɗa da kafaɗa. Na daɗe ban ga yaran nan ba riga da rana ba, shi ma haka. Haƙarƙarinsu a jere, ana iya ƙirgawa daga inda nake zaune, wuya ya zama siriri, ciki ya turo gaba. Malam ya ɗaga tsumagiyar ya tsaya da ita a sama. Hamma ya ce, "Baba, kaɗan-kaɗan muke lasa. Mun ce idan ta girma za mu saya mata wani."

Malam ya sauke hannunsa. Ya ce, "Ku mayar da rigunanku." Ya shige zaure ya zauna, har aka kira magariba bai fito ba. Kwana biyu ruwan sukari na riƙa ɗiga wa Jummai a baki da cokali, sai da Maman Rifkatu ta roƙo mana rabin gwangwani wajen wata da ta yaye ɗanta.

A makon ne wan mijina na fari ya zo daga Lau, wanda yara ke kira Bappa. Labari ya kai masa, don Lau da Jalingo ba nisa, kuma masu kawo kifi kasuwa ba sa riƙe magana. Ya zo da ɗaurin banda da 'yar shinkafa, suka zauna da Malam a zaure, ni da Goggo muna daga bakin ƙofa. Bappa mutum ne marar kwana-kwana. Ya ce, "Malam, ban zo da faɗa ba. Na san ba sakaci ka yi ba, gari ne ya yi zafi. Amma Iro ɗan ƙanena ne. Can shinkafa ta kusa nuna, kifi na nan, yaro ba zai kwana da yunwa ba. Ka ba ni shi." Malam ya ce a bar shi ya yi shawara zuwa safe.

Da Bappa ya tafi masauki na bi Malam ɗaki. Na ce, "Malam, ka ce da su zan zo."

Ya ce, "Na faɗa, ban kuma manta ba. Ki gaya mini abin da zan yi, wallahi zan yi. Idan suka zauna, me za mu cire, madararta ko tuwonsu?"

Jummai na kan gado tana wannan siririn kukan. Malam ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Idan Iro zai tafi, Hamma zai bi shi. Ba za a ce na fitar da ɗanki na ajiye nawa ba. Kuma gaskiyar magana, ko da Iro ya tafi shi kaɗai, abin da zai ragu ba zai sayi madarar ba. Sai su biyun."

Goggo ta ji, ta shigo ba sallama. Ta ce Hamma ba jininsu ba ne, me zai kai shi bakin kogi wajen mutanen da ba su san uwarsa ba, yaron da malamansa ke cewa ya fi kowa a aji? Ta ce a mayar da ita ƙauye ita, ai ita ma baki ce. Malam ya ce, "Goggo, abin da kike ci bai kai na Ummi ba. Na san kina zuba rabin naki a kwanon yara." Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Ranar na fara ganin kukanta.

Da safe aka gaya wa Bappa. Ya ce, "Tsaron tsuntsu a fadama ai ya fi daɗi da mutum biyu. Kawo su." Aka yi magana a kan za su dawo da zarar albashi ya daidaita. Na ɗaure musu 'yan tsummokaransu a ɗankwali ɗaya, don babu jaka. Muka raka su tasha, Jummai a bayana. Motar a-kori-kura ce, an cika ta da buhuna da mata masu komawa daga kasuwa. Aka ɗora su a baya kan buhun gishiri. Goggo ta riƙe hannun Hamma tana ta yi masa magana da Fulatanci har kwandasta ya ce ta matsa. Ni kuwa ina tsaye nesa kaɗan. Iro na kallona, yana jira in ce wani abu. A tarbiyyar da aka yi mana uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta rungumarsa, ba ta nuna ta damu. 'Ya'yan yanzu suna sumbatar nasu a gaban kowa, a da ina ganin rashin kunya ne, yanzu ban sani ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ku riƙa jin magana." Motar ta tashi, na ga Iro ya kama rigar Hamma don kada ya zame.

Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Babu faɗa a zaure, babu mai cewa an fi shi loma. Amma lissafin Malam ya fita. Masarar da ta ragu Goggo ta riƙa kaiwa kasuwa mudu-mudu, a haɗa da abin da Bappa ke aikowa jefi-jefi a sayar, a sayi gwangwani. Ban ƙara tsinka madara ba. A hankali maɗigar Jummai ta ciko, wata safiya ta tsala kuka har Maman Rifkatu ta amsa daga bayan katanga tana dariya. Da ta fara zama aka koya mini kunun: a soya waken suya sama-sama, a cire ɓawon, a haɗa da dawa da gyaɗa da ɗan busasshen kifi a niƙa. Daga waken nan ne ma ni da Adda muka koyi awara, muka fara soyawa a ƙofar gida, abin da ya riƙe mu shekaru. Ummi ta koma wasa. Duk wanda ya shigo sai ya ce mun farfaɗo. Ni dai idan na wuce zaure ba na duban inda tabarmar take.

Sai da damina ta sake zagayowa aka biya su Malam bashin albashinsu. Bai sayi komai ba, washegari ya shirya ya tafi Lau ɗauko yara. Ni da Goggo muka wuni a murhu. Ta buɗe tukunyar da ba a kai gare ta ba da hannunta, ta auna ba ta shafe bakin mudu ba, ta aiki Adda ta sayo nama. Aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Daga la'asar duk motar da ta tsaya a titi sai Ummi ta ruga ta dawo.

Gab da magariba ya yi sallama. Shi kaɗai ne, da buhun shinkafa a kan wani ɗan dako. Ya zauna a kan turmi ya cire hula. Goggo ta ce, "Ina suke?"

Ya ce lafiyarsu ƙalau, sun yi tsawo, sun yi ƙiba, har sun iya tuƙa kwale-kwale. Amma dangin uban Iro sun taru sun ce yaro ya zauna a gonar ubansa. Bappa 'ya'ya mata gare shi, Iro ya zama hannunsa. Malam ya roƙa, ya kai maganar gaban manyansu, suka ce an gode da riƙon da ya yi, amma ɗa na dangin uba ne, kuma shi ma ya san haka.

Goggo ta ce, "To, Hamma fa?"

Ya ce, "Na sa shi a mota. Har mun fara tafiya ya buga ya ce a tsaya. Ya sauka ya ce mini, Baba, tare ka kawo mu. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ya ce idan na tilasta shi zai zo, amma zai gudo. Na dubi idonsa na san zai aikata."

Ba su ƙara zama a gidanmu ba sai dai baƙunci, Sallah zuwa Sallah. A Lau suka girma, a can suka yi aure, har yau tare suke noman shinkafa, gidajensu katanga ɗaya. Hamma bai wuce firamare ba. Mutanen can da yawa ba su san ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Malam har ya koma ga Allah bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, Jummai kuwa sai da ta yi 'ya'ya sannan Adda ta ba ta labari.

Amma a yammacin nan ba mu san duk wannan ba. Muna zaune ne kawai a tsakar gida, tuwo na hucewa a kwanuka, babu mai motsi. Jummai, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta saki zanena ta taka da kyar har wurin Malam ta dafa gwiwarsa. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya ɗan ɗaga ta sama kamar mai aunawa.

Ya ce, "Ta yi nauyi."

Aka kira sallah, Goggo ta tashi ta naɗe sabuwar tabarmar.